Kalandar wata a allon umarni: yadda ake fito da ta Miladiyya da ta Hijira

Duk wanda yake zaune a Saudiyya da kalanda biyu yake rayuwa. Tikitin jirgin Jidda zuwa Kano da Miladiyya ake rubuta shi, ma'aikatan gwamnati kuma ranar 27 ga watan Miladiyya suke ganin albashi, kuma tun 2016 aka bar lissafa shi da watan Hijira. A ƙarshen 2023 ma majalisar ministoci ta amince a riƙa amfani da Miladiyya a harkokin hukuma, ban da abin da shari'a ta ɗaure shi da watannin Musulunci. Amma azumi, Hajji, zakka da idda suna nan a kan Hijira, kuma har yanzu za ka riƙa cin karo da takardu masu kwanan watan Hijira. Idan kai ɗalibi ne a Madina da yake koyon Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta irin Windows, ko ma'aikaci a Riyad da yake wuni a gaban baƙin allo yana kula da babbar kwamfutar kamfani da ake kira saba, babu dalilin da zai sa ka riƙa zaro waya duk lokacin da kake son sanin ranar da 15 ga wata zai faɗo. Haruffa uku sun ishe ka.

Fara da wannan

Buɗe allon umarni, wanda ake kira taminal. A Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux kamar su Debian, Fedora, Arch da Red Hat, danna Ctrl da Alt da T tare. Rubuta `cal` ka danna Enter. Watan da ake ciki zai fito, an haskaka ranar yau. Idan kana son wani wata daban, sai ka ba shi lambar wata, sannan shekara:

```
cal 3 2025

     March 2025
Su Mo Tu We Th Fr Sa
                   1
 2  3  4  5  6  7  8
 9 10 11 12 13 14 15
16 17 18 19 20 21 22
23 24 25 26 27 28 29
30 31
```

Wata ne a gaba, shekara a baya. Idan ka rubuta lamba ɗaya tak, shekara zai ɗauke ta: `cal 2026` zai zubo maka watanni goma sha biyu, uku-uku a jere. Kuma shekarar sai ka rubuta ta cikakkiya. `cal 26` ba 2026 ba ce, shekara ta 26 ce bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma zai fito maka da ita ba tare da ya ce uffan ba.

Idan Ubuntu ɗinka sabo ne, mai yiwuwa ya ce bai san `cal` ba. Ba lalacewa ya yi ba, ba a saka shi tun farko ba ne. A Ubuntu da Debian na yanzu yana cikin ƙunshin da ake kira ncal:

```
sudo apt install ncal
```

Masu Fedora, Arch da Red Hat sun riga sun same shi a cikin util-linux. Masu Mac ma yana nan. Wanda ba shi da kwamfuta sai wayar Android zai iya saka Termux, manhajar da take ba waya allon umarni, in bai tarar da `cal` a ciki ba ya rubuta `pkg install util-linux`.

Wane cal ne a hannunka?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, shi ya sa zan ɗan tsaya. Umarnin ya samo asali ne daga Unix na shekarun 1970, kuma a yau iri biyu ne suke yawo: na util-linux da na gidan BSD, wanda Debian, Ubuntu da Mac suke amfani da shi. Kamar Hassan da Usaini suke, kama ɗaya, hali daban. Za ka ga abokinka ya nuna maka wani umarni a na'urarsa ya yi aiki, kai ka gwada a taka ya ƙi, ka ɗauka kai ne ba ka iya ba. Kafin komai rubuta:

```
cal --version
```

Idan ya amsa da sunan util-linux da lamba, to shi ne kake da shi. Idan ya yi ƙorafin bai gane ba, ya jero maka yadda ake amfani da shi, na BSD ne.

Abin da suka yi tarayya a kai shi ne `cal -3`, wanda yake nuna watan jiya, na yau da na gobe kafaɗa da kafaɗa. Wannan na fi amfani da shi fiye da kowanne, domin yawancin abin da mutum yake lissafawa bai wuce watanni ukun nan ba. Haka `cal -y` yake nuna shekarar da ake ciki gaba ɗaya a dukkansu.

Daga nan sai su rabu. Kana son wannan watan da uku masu zuwa? A util-linux `cal -n 4` ne. A Ubuntu `cal -A 3` ne, wato uku bayan na yanzu, `-B` kuma na watannin baya ne, don haka `cal -B 1 -A 2` zai ba ka wata ɗaya a baya da biyu a gaba. Watanni goma sha biyu daga yau, ba daga Janairu ba: `cal -Y` a util-linux, `cal -A 11` a Ubuntu.

Mafi sharri shi ne harafin `-m`. A util-linux ma'anarsa mako ya fara daga Litinin. A Ubuntu da Mac ma'anarsa wata, sai ka bi shi da lamba: `cal -m 6` zai nuna Yuni na bana. Wanda ya rubuta ƙaramin shiri da `-m` a Fedora ya kwafa shi zuwa Ubuntu zai tarar ya tsaya cik. Idan ka manta wanne ne wanne, `man cal` yana nan a na'urarka, kuma bayanin irin naka zai ba ka, ba na maƙwabci ba. Harafin q ne yake fitar da kai daga ciki.

Ranar da mako yake farawa

A nan ƙasar tun tsakiyar 2013 hutun mako Juma'a da Asabar ne, aiki kuma Lahadi zuwa Alhamis. Kalandar da ta fara daga Lahadi ita ta dace da mu, domin ranakun hutu biyun za su taru a gefen dama. Sau da yawa haka `cal` yake fitowa da kansa. Idan naka ya fara daga Litinin saboda tsarin harshen da aka zaɓa lokacin girka na'urar, `cal -s` zai gyara shi a util-linux, a Ubuntu kuma `ncal -b -S`. Mai hulɗa da ofis a Najeriya ko Nijar, inda Litinin ce farkon aiki, sai ya yi `cal -m` a util-linux ko `ncal -b -M` a Ubuntu.

Shi `ncal` ɗin idan ka kira shi ba tare da `-b` ba, juya kalandar yake yi: ranakun mako su sauko a gefen hagu, kowace rana da layinta. Da farko ido ba ya son sa, amma yana da amfanin da ɗayan ba shi da shi. Tunda kowace rana layi guda ce, za ka iya tsamo ta ita kaɗai:

```
ncal -h 3 2025 | grep Fr
```

Zai ba ka Juma'o'in watan kawai: 7, 14, 21, 28. Mai tsara jadawalin aiki a shago ko a asibiti, ko mai son sanin Juma'a nawa ta rage masa a Makka kafin ya koma gida, zai ji daɗin wannan. Harafin `-h` hana shi haskaka ranar yau yake yi. Sandar tsayen da ke tsakiya kuwa ita take miƙa abin da umarnin farko ya fitar ga na biyu. Lambar mako a shekara, wadda wasu kamfanoni suke tsara aiki da ita, tana fitowa da `ncal -w`, ko `cal -w` a util-linux.

Ƙidayar kwanaki

`cal -j` yana maye kwanan wata da lambar ranar a cikin shekara. 1 ga Janairu ita ce 1, 1 ga Maris na 2025 ita ce 60, 31 ga Disamba ita ce 365, ko 366 a shekara mai tsalle. A ce an ba ka bizar fita da dawowa ta kwana 60, kana lissafi daga 1 ga Yuni 2025. Rubuta `cal -j 2025`, za ka ga 1 ga Yuni ita ce rana ta 152. Ƙara 60, ka sami 212. Nemi 212 a allon: 31 ga Yuli, ranar Alhamis. Babu ƙirga da yatsu, babu tunanin wane wata ne mai talatin wanne ne mai talatin da ɗaya.

Umarnin `date` na Linux yana yin wannan kai tsaye:

```
date -d "2025-06-01 +60 days"
```

Ina roƙonka da ka ɗauki wannan a matsayin taimakon tsara tafiya kawai. Ranar da aka fara ƙirga maka, da ranar ƙarshe da aka yarda ka shigo, abin da yake rubuce a Absher, manhajar hukumar Saudiyya, ko a takardar da kafilinka ya ba ka shi ne hukunci. Kwana ɗaya a irin wannan lamari yana iya jawo wa mutum asarar da ba ta da iyaka. Ka lissafa da na'ura, ka gwada da takarda, kuma ka bar wa kanka ratar kwanaki.

Sunayen watanni da Hausa

Mutane da yawa ba su san Linux yana ɗauke da tsarin harshen Hausa ba, mai suna ha_NG. Duba ko an kunna shi a na'urarka:

```
locale -a | grep ha_
```

In bai fito da komai ba, a Ubuntu rubuta `sudo locale-gen ha_NG`. A Debian buɗe fayil ɗin `/etc/locale.gen`, cire alamar # da ke gaban layin ha_NG, sannan ka rubuta `sudo locale-gen`. Daga nan:

```
LC_TIME=ha_NG cal 3 2025
```

Sai ka ga Maris a sama. Abu ɗaya za ka lura da shi: haruffa biyu kacal yake ɗauka daga sunan kowace rana, saboda haka Lahadi da Laraba duk La za su fito. Matsayinsu a jere ne zai bambance maka su. Kuma idan kana tsamo Juma'a da `grep` a wannan tsari, Ju za ka nema, ba Fr ba.

Akwai na Larabcin Saudiyya ma, ar_SA.UTF-8. Sai dai allunan umarni da yawa ba su iya jera rubutun dama zuwa hagu da kyau ba, sunayen ranaku sukan hargitse su bar kan lambobinsu. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuma: ya rubuta da Larabci ba ya nufin ya koma Hijira. Watan Miladiyya ne dai aka sa wa rigar Larabci.

cal bai san Hijira ba

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Idan ka rubuta `cal 9 1446` kana nufin Ramadan na 1446, ba zai ƙi ba. Zai fito maka da kalanda tsaf, da ranaku a jere, amma Satumba ce ta shekarar 1446 Miladiyya, fiye da shekaru ɗari biyar da suka wuce. Wanda bai karanta kan shafin ba zai iya ɗaukar ranakun ya yi aiki da su. Lambobin shekarunmu na Hijira duk lambobi ne karɓaɓɓu a wurinsa, shi ya sa ba zai taɓa gargaɗin ka ba.

Tarihin da ya sani na Turai ne. Gwada `cal 9 1752` ka gani:

```
   September 1752
Su Mo Tu We Th Fr Sa
       1  2 14 15 16
17 18 19 20 21 22 23
24 25 26 27 28 29 30
```

Daga 2 sai 14. A watan ne Ingila da ƙasashen da take mulka suka bar tsohuwar kalanda suka koma wadda Fafaroma Gregory na 13 ya kafa a 1582, suka tsallake kwana 11.

Don Hijira sai ka nemi wani kayan aiki. Mafi sauƙi a Debian da Ubuntu shi ne itools, na ƙungiyar Arabeyes:

```
sudo apt install itools
```

Zai ba ka `ical` mai nuna watan Hijira a jere irin na `cal`, da `idate` mai juya kwanan wata, har da `ipraytime` na lokutan salla. Mazaunin Saudiyya kada ya manta da ƙara `--umm_alqura`, domin Ummul Ƙura ita ce kalandar Hijira ta hukuma a nan, kuma in ba ka faɗa masa ba wani lissafin zai bi, wanda yakan saɓa da ita da kwana ɗaya:

```
ical --umm_alqura
ical --umm_alqura --dual
idate --umm_alqura --gregorian 20250301
idate --umm_alqura --hijri 14470101
```

Na biyun yana nuna watan Hijira tare da na Miladiyya. Na uku zai gaya maka 1 ga Maris 2025 ita ce 1 ga Ramadan 1446. Na huɗu zai mayar da 1 ga Muharram 1447 zuwa 26 ga Yuni 2025. Kula da yadda ake rubuta kwanan watan: shekara, wata, rana, a manne, babu tazara babu alama.

Wanda ya saba da Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, zai fi samun sarari da ƙunshin hijridate, wanda shi ma Ummul Ƙura yake bi, daga 1343 zuwa 1500 bayan Hijira. Ubuntu na yanzu ba ya yarda a zuba ƙunshin Python kai tsaye cikin na tsarin, don haka a keɓe masa wuri:

```
sudo apt install python3-venv
python3 -m venv ~/hijira
~/hijira/bin/pip install hijridate
```

Sai ka ajiye wannan a fayil mai suna `biyu.py`:

```
import calendar, sys
from hijridate import Gregorian

shekara, wata = int(sys.argv[1]), int(sys.argv[2])
for rana in range(1, calendar.monthrange(shekara, wata)[1] + 1):
    h = Gregorian(shekara, wata, rana).to_hijri()
    print(rana, "=", h.day, h.month_name(), h.year)
```

Kira shi da `~/hijira/bin/python biyu.py 2025 6`. Kowace rana ta Yuni za ta fito da takwararta. Za ka ga 5 ga Yuni ta yi daidai da 9 ga Zulhajji 1446, ranar da aka yi tsayuwar Arfa a shekarar.

Yanzu ga iyakar duk waɗannan. Ummul Ƙura lissafi ce da aka yi tun kafin watan ya zo. Ƙa'idarta tun 1423 ita ce: a ranar 29 ga wata, idan haihuwar sabon wata ta auku kafin faɗuwar rana a Makka, kuma watan ya faɗi bayan rana, to gobe ɗaya ga wata. Amma fara azumi da Sallah da ranar Arfa ba daga jadawali ake ɗaukarsu ba. Masu duban wata suna fita a wurare irin su Sudair da Tumair, Kotun Ƙoli ta sanar. Yawanci sukan dace da jadawalin, wani lokaci kuma su saɓa da kwana ɗaya. A gida Najeriya sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake jira, ita ma tana iya zuwa daidai da ta nan ko ta bambanta. Saboda haka idan Hajiya ta bugo waya daga Sakkwato tana tambayar yaushe Sallah, abin da allonka ya nuna hasashe ne mai kyau na sayen tikiti da neman hutu, ba sanarwa ba ce.

Sannan na'ura ƙarfe goma sha biyun dare take canza kwanan wata, alhali daren Musulunci da magariba yake shiga. Idan ka rubuta `idate` bayan isha'i ya ce maka 26 ga Ramadan, daren 27 kake ciki. Masu ƙirga dararen goman ƙarshe su kiyaye.

Masu Windows

Windows ba shi da `cal`. Idan akwai Python a na'urar, `py -m calendar 2025 3` zai fito da watan, a Linux da Mac kuma `python3 -m calendar 2025 3`. A nan shekara ce a gaba, wata a baya, akasin `cal`, kuma mako daga Litinin yake farawa. Don Hijira kuwa ba sai ka saka komai ba, PowerShell yana da Ummul Ƙura a cikinsa:

```
$k = New-Object System.Globalization.UmAlQuraCalendar
$yau = Get-Date
"$($k.GetDayOfMonth($yau))/$($k.GetMonth($yau))/$($k.GetYear($yau))"
```

Wanda ya saka WSL, tsarin da yake tafiyar da Linux a Windows, yana da Ubuntu a cikin Windows ɗinsa, duk abin da ya gabata zai yi masa aiki.

Idan ya haskaka ranar da ba ita ba

`cal` ba shi da agogon kansa, na na'ura yake dubawa. Saudiyya tana gaban lokacin duniya, wato GMT, da awa uku, Sudan da awa biyu, Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Sabobin haya da yawa a kan lokacin duniya ake miƙa su, don haka daga sha biyun dare zuwa ƙarfe uku na asuba a Riyad, sabar tana jiya. A Ramadan, lokacin da rabin aikin mutane cikin dare ake yin sa, wannan yana faruwa kullum. Rubuta `timedatectl` ka ga yankin lokacin da take kai. Idan na'urarka ce ta kanka:

```
sudo timedatectl set-timezone Asia/Riyadh
```

Idan sabar wurin aiki ce kada ka taɓa, domin akwai ayyukan da aka ɗaure da wancan lokacin. Canza wa umarninka shi kaɗai: `TZ=Asia/Riyadh cal`. Haka `TZ=Africa/Lagos date` zai gaya maka ƙarfe nawa ne a gida kafin ka buga wa Baba waya ka tashe shi daga barci.

Abin da ya rage shi ne rage wa yatsu wahala. Buɗe `~/.bashrc` da `nano ~/.bashrc`, ko `~/.zshrc` a Mac, ka ƙara wannan a ƙasa:

```
alias uku='cal -3'
yau() { cal; idate --umm_alqura; TZ=Africa/Lagos date; }
```

Ajiye da Ctrl da O, fita da Ctrl da X, sannan ka rubuta `source ~/.bashrc`, ko `source ~/.zshrc` a Mac. Daga yanzu `yau` zai ba ka watan Miladiyya, kwanan Hijira da lokacin gida a bugu ɗaya. Idan kana so ya riƙa fitowa da kansa duk lokacin da ka buɗe allon, ƙara kalmar `yau` ita kaɗai a layin ƙarshe, amma a kwamfutarka kawai. A kan sabar wurin aiki, abin da `.bashrc` yake bugawa yana iya ɓata aikin `scp`, umarnin kwafar fayil tsakanin na'urori. Mai son ta takarda kuma ya rubuta `cal 2026 > shekara.txt` ya buga fayil ɗin, sai dai ya zaɓi salon rubutu mai haruffa faɗi ɗaya irin su Courier, in ba haka ba lambobin za su zame daga ƙarƙashin ranakunsu.